Kwanan Jajibirin Tashi: Yadda Za Ka Zaɓi Otal Mai Araha Kafin Ka Hau Jirgin Ruwan Shaƙatawa

An ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Jirgin ruwan yawon shaƙatawa bai san wannan karin magana ba. Da lokaci ya yi za a janye gadar shiga, a kwance igiya, ya kama hanya, ko nawa ka biya. Wanda jirgin samansa ya makara da awa uku ranar tashi, sai dai ya tsaya bakin ruwa yana ɗaga wa kuɗinsa hannu, ko ya sayi wani tikitin ya bi jirgin zuwa zango na gaba, in ma kamfanin ya yarda ya hau daga can. Shi ya sa waɗanda suka saba wannan tafiya suke isa garin tun ana gobe, su kama ɗaki su kwana.

Kwanan nan ba na hutu ba ne. Abu biyu kake saye: barci mai kyau da gajeriyar hanya zuwa jirgi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba wa kuɗin ɗaki ido a manta da sauran. Ainihin kuɗin otal yana farawa daga ƙofar filin jirgin sama, ba ya ƙarewa sai ka miƙa akwatinka ga masu ɗaukar kaya a tashar ruwa.

Mataki na 1: Gano inda jirgin yake tashi da gaske

Kada ka buɗe manhajar neman otal tukuna. Buɗe takardar da kamfanin jirgin ya aiko maka, ka nemi sunan tashar, ba sunan birnin da aka sa a talla ba, don sau da yawa biyun ba ɗaya ba ne.

Talla za ta ce "daga Rum", amma jirgin yana Civitavecchia, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da birnin, tafiyar fiye da awa guda a ƙaramin jirgin ƙasa. Ta ce "daga Landan", alhali galibi Southampton ake nufi, wajen kilomita 130 daga can, wani lokacin kuma Dover ko Tilbury. Ta ce Olando, a Amurka, amma tashar ita ce Port Canaveral, kimanin kilomita 70 daga filin jirgin saman birnin. Na Benis ya fi rikitarwa: tun 1 ga Agusta, 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa mashigin Giudecca da gaban dandalin San Marco. Wasu suka koma Marghera a gefen birnin, wasu Ravenna ko Trieste, waɗanda kowannensu ya fi kilomita 100 daga Benis. Wanda ya kama ɗaki a tsakiyar Benis yana zaton zai taka da ƙafa zuwa jirgi, safiyar za ta yi masa zafi.

In ka san tashar, saura ka san ɓangaren da jirginka zai tsaya, don manyan tashoshi gari guda ne. Southampton tana da mashigan fasinja biyar: Ocean, Mayflower, City, QEII da Horizon, kuma tsakanin na wannan ƙarshe da na wancan tafiyar mota ce. A Seattle, Pier 66 na cikin gari, Pier 91 kuwa can arewa. A Basalona manyan jirage suna tsayawa a Moll Adossat, bayan wata doguwar gada. A taswira za ka gan shi kamar a gindin titin La Rambla, amma da akwati biyu cikin rana, jiki magayi. Akwai bas da ke kwasar fasinja daga kusa da hasumiyar Kolambas zuwa can, kuma kuɗinsa bai kai na tasi ba.

Don haka in otal ya rubuta "kusa da tashar jiragen ruwa", kada ka ɗauka. Sa adireshinsa da sunan mashigarka a Google Maps, ka duba minti nawa ne a mota da misalin ƙarfe 11 na safe, lokacin da dubban mutane suke sauka daga jirgi wasu dubban suna shiga.

Mataki na 2: Kwana nawa?

In jirgin sama ɗaya ne kai tsaye, na 'yan awoyi, kwana ɗaya ya isa, muddin ka ɗauki na safe ko na rana. Kada ka ɗauki na ƙarshe da dare, don in aka soke shi babu wani a bayansa. In za ka canza jirgi a hanya, ko za ka tsallaka teku da bambancin lokaci na awa biyar ko shida, ni dai kwana biyu nake so. Ba don gajiya kaɗai ba: akwatin da ya maƙale a filin jirgin da ka canza yakan biyo ka washegari, kuma ya fi sauƙi ya same ka a otal da ya bi ka tsakiyar teku.

Mataki na 3: Unguwa uku, zaɓi ɗaya

Kusan ko'ina otal ɗin da za ka duba sun kasu uku: na kusa da filin jirgin sama, na kusa da tashar ruwa, da na tsakiyar gari.

Na filin jirgi ya dace da wanda zai sauka da daddare. Yawanci suna da motar ɗauko baƙi kyauta, kuma da yake 'yan kasuwa da ma'aikata ne manyan masu kwana a cikinsu, kuɗinsu kan sauka daren Juma'a da Asabar, daidai lokacin da yawancin masu hawa jirgin ruwa suke buƙata. Aibinsu shi ne sau da yawa ba komai a kewaye, ko shagon sayen ruwa, sai ka ci abincin otal a farashin da suka ga dama.

Na bakin tasha ya san darajarsa, kuma yana caji daidai da haka. Amma a wuraren da tashar take nesa da birni, shi na fi so. Mai tashi daga Civitavecchia da ya sauka Rum da yamma, gara ya wuce kai tsaye ya kwana a Civitavecchia. Ƙaramin gari ne, ɗakuna sun fi na Rum sauƙi, kuma da safe motar tashar tana kwasar fasinja kyauta daga Largo della Pace zuwa gindin jirgi. In aka wayi gari da yajin aikin jirgin ƙasa, abin da ba baƙo ba ne a Italiya, kai ka riga ka iso.

Na tsakiyar gari kuwa sai in kana da wuni guda na zagaya birnin, ko kuma tashar a cikin garin take. Vancouver ta Kanada misali ce: tashar ruwanta, Canada Place, na tsakiyar birni, jirgin ƙasa na Canada Line yana kawo ka daga filin jirgi zuwa tashar Waterfront cikin ƙasa da rabin awa, daga nan 'yar tafiyar ƙafa ce. Dabarar a irin wannan gari ita ce ka bar otal ɗin da ke bakin ruwa, ka nemi wanda ke kan layin jirgin, tasha uku ko huɗu baya. Haka a Atina: tun 2022 layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa filin jirgin sama da Piraeus, inda tashar ruwan take, don haka otal a kan layin nan ya rage maka kuɗin tasi mai yawa.

Akwai kuma inda tambayar ba ta taso ba. A Fort Lauderdale ta Amurka filin jirgi da tashar ruwa ta Port Everglades maƙwabta ne, 'yan kilomita kaɗan, otal ɗin wannan shi ne na wancan. Abin da za ka guje wa a can da Miyami shi ne otal na bakin rairayi. Kana biyan kuɗin ganin teku, kai da za ka yi mako guda ba abin da za ka gani sai teku.

Mataki na 4: Yi lissafin ƙofa zuwa ƙofa

Nan ne gizo yake saƙa. Ɗauki takarda, ka zaɓi otal uku ko huɗu, kowanne ka rubuta masa abu biyar: kuɗin zuwa daga filin jirgi, kuɗin ɗaki, haraji da sauran caji, abincin dare da karin kumallo, da kuɗin zuwa tashar ruwa.

A ce ku biyu ne, a ce kuma ga otal na dala 90 can bayan gari da wani na dala 150 kusa da tasha. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. Na farkon haraji 12, tasi daga filin jirgi 45, karin kumallon mutum biyu 30, tasi zuwa tasha 50: dala 227 ke nan. Na biyun yana ɗauko baƙi kyauta, karin kumallo na cikin kuɗin ɗaki, haraji 20, tasi zuwa jirgi 15: dala 185. Mai tsadar ya fi mai arahar araha da dala 42, ga kuma ƙarin barcin awa guda.

Layi na uku, wato haraji da caji, shi ya fi ɓuya. A Amurka farashin da ake nunawa da farko galibi ba haraji a ciki, kuma wasu otal, musamman na Miyami da garuruwan hutu, suna da wani caji na dole a kowane dare, wai na tafkin wanka da intanet da ɗakin motsa jiki, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba. A Turai harajin cinikin yana cikin farashi, amma birane irin su Basalona da Rum da Benis suna karɓar harajin baƙi a kan kowane mutum kowane dare, kuma sau da yawa a teburin karɓar baƙi ake biyansa. Kada ka gwada farashin shafin farko. Bi matakan kama ɗakin har shafin ƙarshe kafin biya, can ne jimlar gaskiya take fitowa.

Idan kun kai huɗu, lissafin yana juyawa. Tasi ko Uber da mota ake biya, bas da motar otal kuwa da kai. Mutum ɗaya bas ya fi masa, iyali tasi. Sai dai mutum huɗu da manyan akwatuna huɗu ba sa shiga ƙaramar mota, babba za ka kira, kuɗinta kuma daban.

Mataki na 5: Duba kalanda, ka kama ɗaki tun da sauran lokaci

Garuruwan tashar ruwa suna da damina da rani irin nasu. Jiragen Karibiyan sun fi cika daga Disamba zuwa Afrilu, na Alaska suna aiki ne daga wajen Mayu zuwa Satumba, na Bahar Rum kuma sun fi yawa a watannin zafi na Turai. Ranar da manyan jirage biyar ko shida za su tashi daga tasha ɗaya, kowanne da fasinja dubu uku zuwa biyar, daren jajibirin ɗakuna sai su yi wuya. Ƙara da tarukan gari: baje kolin zane-zane na Art Basel a Miyami farkon Disamba, babban taron masana'antar wayar salula a Basalona ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, baje kolin jiragen ruwa na Southampton a Satumba. In ka ga farashi ya yi tashin gwauron zabo ba dalili, akwai dalili. Matsa zuwa garin da ke gaba a kan layin jirgin ƙasa.

Abin da nake yi shi ne, ranar da na biya kuɗin jirgin ruwa, ranar nake kama ɗakin da ake iya fasawa kyauta. Sai in riƙa leƙawa lokaci-lokaci, musamman saura wata guda da saura mako biyu. In na ga ya sauka, in kama sabon in fasa tsohon. A bi wannan jeri: a kama tukuna, sannan a fasa.

Za a nuna maka wani farashin da ya ɗan fi sauƙi amma ba a mayar da kuɗi. A irin wannan tafiya ba na son sa. Kamfanonin jiragen ruwa kan canza jadawali, wani lokacin har tashar tashi, kuma a tekun Atlantika lokacin guguwa yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Garin neman gira kada a rasa ido. Ka lura kuma da ranar ƙarshe ta fasawa, da agogon garin otal ɗin ake lissafa ta, ba naka ba.

Booking.com da Expedia suna da amfani wajen gwada farashi, amma da ka tsai da otal, leƙa shafinsa na kansa. Sau da dama farashin ɗaya ne ko ƙasa, ga karin kumallo a kai, kuma in matsala ta taso da su za ka yi magana kai tsaye. Otal ɗin da kamfanin jirgin ruwa ke sayarwa haɗe da tikiti yakan zo da motar kai ka tasha, ya huce maka kai, amma yawanci da kai ake lissafa shi ba da ɗaki ba. In ku biyu ne, ninka biyu kafin ka ce ya yi araha.

Mataki na 6: Maganar "mota kyauta"

Kalmar nan ta yaudari mutane da yawa. Sau da yawa motar kyautar ta filin jirgin sama ce kawai, ta zuwa tashar ruwa kuwa biya ake yi, kuma wani kamfani ne daban yake gudanar da ita. Aika wa otal ɗin saƙo da tambayoyi huɗu: motar tana kai wa har mashigar jirgina? Nawa ne kowane mutum? Ƙarfe nawa take tashi? Sai an rubuta suna tun da dare? Ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci, don kujeru kan ƙare, wanda ya sauko da safe yana tambaya sai a ce masa sai ta ƙarfe ɗaya. Tambayi kuma lokacin da motar filin jirgin take daina aiki. In za ka sauka sha biyun dare ita kuma ta tashi aiki ƙarfe 10, kyautar ba taka ba ce.

Wanda zai zo da motarsa, ya nemi otal masu tsarin kwana ɗaya haɗe da ajiye mota har ya dawo. A tashoshin Amurka da Southampton ana samun su sosai, kuma da yake ajiye mota a cikin tasha da kwana ake biya, bambancin kan kusa biyan kuɗin ɗakin. Ka tabbatar kwana nawa tsarin ya ƙunsa, da yadda za ka dawo wurin motar.

Mataki na 7: Ɗakin kansa

Tafkin wanka, ɗakin motsa jiki, kyan falo, duk bar su, gobe za ka same su a jirgi. Abin nema: tsabta, shiru, na'urar sanyaya ɗaki in lokacin zafi ne, lifta, teburin karɓar baƙi da ba ya rufewa da dare, da wurin ajiye kaya.

Lifta na sa a jerin ne don na ɗanɗana. Na taɓa kama ɗaki a tsohuwar unguwar wani garin bakin teku a Turai, farashin ya yi mini daɗi har ina yi wa kaina kirari. Mai tasi ya sauke mu a bakin wani dandali ya nuna lungu da hannu, mota ba ta shiga. Muka ja akwatuna a kan daɓen duwatsu, tayar ɗaya ta fita tun kafin mu kai rabi. Ɗakin "hawa na uku" ne, wanda a lissafinsu na ƙasa sifili ne, wato bene uku cur a tsukakken matakala mai murɗawa. Muna isa sama uwargida ta zauna a bakin gado tana haki, ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan ce arahar?" Ban ce uffan ba. A ƙarƙashin tagarmu kuma mashaya ce, ba su tashi ba sai wajen ƙarfe uku. Da safe na sayi sabon akwati, kuɗinsa ya haura abin da na rage. Duk wannan yana rubuce a sharhin waɗanda suka kwana kafin ni, ni ne ban karanta ba.

Yadda ake karanta sharhin: kada ka tsaya a maki. Jera su daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata shida da suka wuce, ka nemi kalmomi irin su hayaniya, lifta, kuɗin cizo, mota, tasha. Mutum ɗaya ya yi ƙorafi, wataƙila halinsa ne. Mutum biyar sun faɗi abu ɗaya, gaskiya ce. Hotunan baƙi sun fi na otal faɗin gaskiya. Sannan buɗe hoton titin a taswira ka ga ko mota tana tsayawa a ƙofa.

Masu iyali su rubuta adadinsu daidai, har da yara. A Turai ɗakuna ƙanana ne, kuma ɗakin mutum biyu na mutum biyu ne, ba a lallashi. Gidajen haya na kwana ɗaya irin na Airbnb kuwa, kuɗin shara da na hidima da za a yafa wa dare ɗaya tak sukan cinye arahar, ga zaman jiran mai mabuɗi.

Mataki na 8: Kati da takardu

Yawancin otal suna riƙe wasu kuɗi a katinka lokacin shiga, jingina ko da ka yi ɓarna. A katin bashi ba a ji sosai. A katin cirar kuɗi kuwa kuɗinka ne na gaske aka ɗaure, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin banki ya sake su. Gobe jirgin ruwan ma zai riƙe nasa a kati. Tambayi nawa otal ɗin ke riƙewa, in da hali ka ba su kati daban da wanda za ka ba jirgi. In na'urar biya ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarka ko na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake, canjin bankinka ya fi nasu sauƙi.

Mai buƙatar biza ya sa daren otal ɗin cikin kwanakin da ya nema, kuma takardar kama ɗakin tana cikin abin da ofishin jakadanci kan nema. In jirgin zai fita yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, misali ya taɓa Turkiyya ko Tunisiya ya dawo, biza mai shiga sau da yawa ake buƙata. Yawancin kamfanonin jiragen suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya.

Safiyar tashi

Otal galibi suna ba da ɗaki wajen ƙarfe 3 na rana, su karɓe shi 11 ko 12 washegari. Wannan ya yi daidai da jirgi, don ana fara hawa ne kafin tsakar rana, jirgin ya tashi da yamma, a rufe shiga awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi. Kamfanoni da yawa yanzu suna ba kowa lokacinsa na zuwa. Bi naka, wanda ya yi sammako ba abin da zai samu sai tsayuwa a layi yana kallon fasinjan jiya suna fitowa.

Tun da dare ka yi odar mota ko ka rubuta suna a ta otal, ka duba takardar kuɗinka a tebur don kada a yi gardama da safe kowa na sauri. Takardun shaidar kaya da kamfanin jirgin ya aiko, masu ɗauke da lambar ɗakinka, a otal ake liƙa su, ba a gida ba, don kada su yage ko su rikita ma'aikatan filin jirgin sama. In ka manta ba ka buga su ba, teburin karɓar baƙi zai buga maka, ka ari abin maƙala takarda a wurinsu.

Manyan akwatuna za a karɓe su a bakin mashiga, ba za ka sake ganinsu ba sai yamma, wani lokacin bayan jirgi ya tashi. Fasfo, tikiti, magani, caja da kaya sawu ɗaya su zauna a ƙaramar jakar da ke kafaɗarka. Kafin ka ja ƙofar ɗaki, buɗe ƙaramin akwatin ƙarfen ajiya da ke cikin kabad, ka sa hannu ka shafa har ƙuryarsa.